Ranar da Na Ɗora wa Sobiya Laifin Ƙafata

Har in koma ga Allah ba zan manta yammacin da na taka rawa a garin Makka ba, ni da a unguwarmu ko kalangu aka buga sai in tsuke fuska in canza hanya.

Umara na je. Da na kammala, ɗan kawuna, wanda haifaffen can ne, ya ɗauke ni zuwa wani biki a unguwar Nakkasa, lokacin ba a rushe ɓangarensu ba. Bayan la'asar aka share fili, maza suka yi da'ira riƙe da sanduna, ganguna suka ɗauka. Mizmar suke ce wa wasan. Na ja kujera gefe na harɗe, ina istigfari da ƙarfi don kowa ya san ba da ni ake yi ba.

A bakin filin akwai wata dattijuwa 'yar Sakkwato, wadda ta zo aikin hajji tun da ƙuruciyarta ta zauna ba takarda. Sobiya take haɗawa da hannunta, wani abin sha da ake yi da sha'ir da busasshen burodi, a jiƙa a tace, a sa sukari da ƙanƙara. Da sana'ar nan take riƙe kanta. Na sha kofi ɗaya, ɗan tsami-tsami, sanyi har ƙwaƙwalwa. Na ƙara, na kuma ƙarawa.

Ban san lokacin da ƙafata ta fara bin ganga ba. Sai ga ni a tsakiyar fili, sandar wani a hannuna, hula a ƙasa, ina juyi ana tafi. Gaskiya na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Da kiɗa ya tsaya na ga wayoyi a sama suna ɗaukata. In hoton nan ya isa Zariya, da wane ido zan dubi mutanen da nake yi wa faɗa?

Nan take na nemo mai laifi. Na tsaya a kan dattijuwar nan na ɗaga murya: "Inna, me kika zuba a abin nan? Wallahi ya bugar da ni! A Makka ake ba mutane abin maye?"

Ɗan kawuna ya damƙi hannuna yana magana ƙasa-ƙasa: "Uskut ya shaikh, yi shiru! Ba ta da iƙama, takardar zama. In maganar nan ta kai ga shurɗa, 'yan sandan nan, halas, shi ke nan, jirgi za a sa ta. Ba ta da kowa a gida."

Ita ko ba ta yi hayaniya ba. Ta cika kofi ta shanye a gabana, sannan ta ce, "Ɗana, jiya niy yi ta, ba ta daɗe ba balle ta bugar. Limaminmu kofi huɗu yas sha, ga shi can zaune bai motsa ba. Kai dai ƙahwakka ta ji kiɗi."

Aka fashe da dariya, har da liman. Ni kaɗai, da nake kusa, na ga ta yi saurin rufe kular sobiyar tana waige-waige a tsorace. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a gaban jama'a na ce ƙarya na yi mata, ras nake, kiɗan ne ya yi mini daɗi. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Allah shi yahe muna."

Hoton kuwa ya riga ni isa gida. Abokai suka yi mako guda suna tsokanata, daga nan kowa ya shiga sabgar gabansa. Abin da na ji tsoro ke nan, har na kusa raba baiwar Allah da abincinta da garin da ta tsufa a ciki. Ranar na gane cewa wanda ba zai iya cewa "ni na yi" ba, mara gata yake nema ya ɗora wa. Tun daga lokacin, in na yi abin kunya, kaina nake fara tuhuma kafin in waiwaya in ga wa ke kusa.