Telan da ya auna bayan Musa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Istifanus tela makwancinsa a bayan garin Tamanrasset. Sauran shekarun na bar ranar ta wuce shiru, na yi juyayina a cikin kanti. Bana kam ba zan iya ba, domin abin da na gani bayan ƙaramar Sallar nan ya ɓata mini rai matuƙa, kuma ina so a san dalili.

Ni mutumin Damagaram ne, yadi nake sayarwa. Istifanus daga wani ƙauye kusa da Maraɗi ya fito, 'yan mishan suka rene shi, suka koya masa keken ɗinki. Tun Faransawa ba su tattara nasu ya nasu ba ya zo ya kafa kekensa a ƙofar kantina. Ni Musulmi, shi Kirista, buta guda muke shan shayi. In na tashi salla shi ke tsare mini kanti, ranar Lahadi kuma ni ke ba masu ɗinkinsa haƙuri har ya dawo daga majami'a. Yana da taurin kai, kuma bai iya ciniki ba ko kaɗan. Nakan ce masa da shi ne mai kantin, da tuni ya sayar har da ƙofar.

A lokacin akwai wani bawan Allah, Musa, mutumin Agadas, mai aikin lambu a Tit, wani ƙauye can bayan gari. Yana da doro babba, fuskarsa da wuyansa kuma duk ƙullutu ne tun haihuwa. Ba ciwo ba ne mai yaɗuwa, kowa ya sani, tun da masu lambun sun yi shekara da shekaru suna cin abin da hannunsa ya shuka. Amma in ya kawo albasa da tumatir kasuwa, mata masu ciki sai su kau da kai, wai kada ɗan ya ɗauko kamarsa. Manyan mutane masu gemu suna kiransa Musa Raƙumi, su yi dariya. Riga ba ta zama a jikinsa: baya ta ɗage, gaba ta ja ƙasa, wuya ya shaƙe shi. Don haka tsohon bargo yake yafawa rani da ɗari. Ranar Idi kuwa can bayan sahu yake tsayawa shi kaɗai, kusa da inda ake ɗaure jakuna.

Wata rana cikin azumi ya tsaya a ƙofar kantina yana kallon wani farin alawayyo. Ya miƙa hannu zai taɓa, na ce a'a, ya nuna kawai zan yanka masa. Ni na faɗi haka da bakina, ba zan ɗora wa kowa ba. Istifanus ya tsayar da keke, ya tashi, ya ce Malam Musa ya matso a auna shi. A garin nan kaf shi kaɗai na taɓa ji ya kira shi Malam.

Tsakar rana ce, kasuwa ta cika. Ya sa shi ya sauke bargon, ya ɗora masa igiyar awo tun daga ƙeya, ya bi doron da tafin hannunsa a hankali har ƙasa, ya zagaya ƙirji, ya auna wuya, yana yi yana tambayarsa labarin dabinon bana. Mutane suka yi cirko-cirko. Da Musa ya tafi na ja abokina gefe, na ce ai da ido ma zai iya, me ya kai shi?

Ya ce, “Aboki, wanga mutum Allah ya ƙera shi, kuma bai yi kure ba. Ni tela nike, nawa in bi ƙirar. Almasihun da nike bi bai taɓa auna mutum daga nesa ba.”

Kafin la'asar labari ya kai unguwa. Masu ɗinkin Salla suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kwashe yadinsu, wai igiyar da ta hau bayan Musa ba za ta hau nasu ba. Ɗinkin Salla shi ne noman tela, shi yake ci har wata shida. Limaminmu, Allah ya saka masa, ya faɗa a wurin tafsiri cewa babu inda addini ya ce a ƙyamaci halittar Allah. Aka gyaɗa kai, aka ce gaskiya ne Malam, amma babu yadi ko ɗaya da ya dawo. Wannan gyaɗa kan har yau shi ya fi ƙona mini rai.

Istifanus bai fasa ba. Sau uku Musa yana zuwa gwaji. Ya tsaga bayan rigar ya ƙara ƙyalle, ya tsawaita ta da taƙi biyu, ya buɗe wuyan, har ƙasanta ya daidaita gaba da baya kamar ta kowa. Ranar Idi Musa ya ratso mutane cikin farar riga ya shiga sahu na uku. Ban ce kowa ya so ba, amma babu wanda ya sami bakin korarsa. Kirista ne ya shigar da Musulmi sahun salla, mu kuwa muna tsaye muna kallo. Wannan shekarar abokina da gero da ruwa ya kai ƙarshenta, ya rame, bai ko yi gunaguni ba. Ɗari na biyu bayan haka ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yanzu gari ya bunƙasa. Ƙasa ta sami kanta, an buɗe lekkol, wato makarantar boko, motoci na shigowa da kaya, teloli sun cika kasuwa da kekuna sababbi. Nakan tambayi kaina abin da Istifanus zai ce in ya leƙo. Ina jin zai yaba kekunan, don yana son ƙarfe mai kyau. Daga nan zai tambayi inda Malam Musa yake, mu kuwa mu sunkuyar da kai.

Domin Sallar nan ban ga Musa a sahu ba. Na hau mota na tafi Tit, na same shi cikin lambu da bargonsa. Rigar ta mutu, an yi mata faci har babu wurin sa allura. Ya ce ya zaga teloli tun farkon azumi. Wani ya ce zai auna da ido, wani ya ce aiki ya yi masa yawa, wani ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu majami'ar Istifanus yake zuwa, kada wani ya ɗauka namu kaɗai nake zagi. Musa ya ce bayan ya saba da tsayawa cikin mutane, ba zai iya komawa wajen jakuna ba, sai ya yi sallarsa tsakanin dabino.

To me ya rage na abokina? An sayar da kekensa, bai bar ɗa ba, kabarinsa ma sai wanda ya sani. Abin da ya bari shi ne mutum guda da ya yi shekaru yana sanin cewa shi ma mutum ne, ga shi muna neman ƙwace masa wannan ma. Na yi fushi da teloli, na yi fushi da masu gyaɗa kai, sai na tuna wanda ya hana shi taɓa alawayyo.

Ban iya ɗinki ba, amma na iya awo. Na ce wa Musa ya sauke bargon. Na auna shi da taƙin hannuna, daga ƙeya har ƙasa, don in kai wa tela awon in tsaya a kansa har ya ɗinka. Shekara goma sha da sanin Musa, ranar na fara taɓa shi. Da na gama ya ce, “Na gode, Alhaji. Amma hannunka na rawa. Na Istifanus bai yi ba.”