Akushin da Goggo Ta Gina

Goggona, yayar babana, maginiyar tukwane ce a Lambara. Abu na ƙarshe da ta gina kafin idonta ya tafi akushi ne, amma na yumɓu. Ta goge shi da dutse, ta yi masa sawun gizago irin na masassaƙa, ta gasa, ta yayyafa masa ruwan bagaruwa har ya yi baƙi wuluk. A cikinsa take cin tuwo. Ni ban san duk wannan ba, ina can Boɗinga ina aikin asibiti, sai jefi-jefi nake leƙo gida.

Wata Asabar na zo gaishe ta, tana ɗaka tana salla, akuya ta sa baki a geron da aka shanya. Ni kuwa da saurin hannu, na sunkuci akushin na wurga wa akuyar, don a sanina itace ba ya fashewa. Akuya ta tsira, akushi ya tarwatse.

Abin da na yi bayan nan shi ke cina har yau. Na tsince gutsattsarin tas, na zuba a salga. Washegari na sayo akushin itace na gaske a kasuwar Boɗinga, na lallaɓa na ajiye mata inda nata yake zama. Na ce a raina, ai ba gani take ba.

Da aka zuba tuwo ta ɗauka, ta jinjina, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Ɗan nan, wanga icce na. Ina nawa?"

Na faɗa mata gaskiyar yadda na fasa shi, kaina a ƙasa.

"Kai ma icce kaz zata?"

Na ce ƙwarai kuwa, Goggo. Sai ta yi dariya har da tafi, ta ce ashe aikin ya yi, tunda ya ruɗi ɗan boko mai ido biyu. Har na fara samun sa'ida.

Daga nan ta miƙo hannu.

"To kawo tsingaron. Daka shi akai, a cuɗa da sabon yumɓu, tukunya ta yi ƙwari. Jikata ta soma koyo, ina son nawa ya shiga cikin nata."

Hannunta na nan a buɗe tana jira, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata inda na zuba shi.