Gishirin Da Na Zuba A Shaidar Soja

Edita, a wancan lokaci ni ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, ina jigilar 'yan kasuwa zuwa ƙauyukan iyakar Benin. An san ni da baki. In na ce na ga kifi, to ya kai saniya; abokaina cewa suke ko sallama na yi sai sun leƙo sun tabbatar.

Wata ranar kasuwa da hantsi 'yan bindiga suka faɗo wani ƙauye na bakin gulbi inda na kai 'yan kasuwa. Muka ruga mashigi, mata da tsofaffi, ni kuwa duk da tumbina na riga kowa shiga jirgi. Wani soja da nake yawan ɗauka a babur, mai kirana Kawu, ya tsaya shi kaɗai ya tare hanya har kwale-kwale na ƙarshe ya bar gaɓa. A nan ya cika. Kowa a jirgin ya kife kai, ni ne son ganin ƙwaƙwaf ya sa na ɗago na ga komai.

Bayan wata biyu wani hafsa ya zo da littafi, ya ce ana so a ba mamacin lambar yabo, matarsa za ta karɓa, amma sai da shaidar wanda ya gani. Na daɗe ina son sanin da me ake auna jarumta, da mudu ko da tiya, na kuma ɗauka sai labari ya yi kauri ake ba da lamba. Sai na ce maharan sun fi ɗari uku, harsashi na zama ruwa a jikin sojan, har ɗaya ya cafke da haƙori. Hafsan ya dube ni, ya ce to Baba, in harsashi ba ya kama shi, me ya kashe shi. Ya rufe littafinsa ya ce an gode.

Sau biyu na bi shi bariki in gyara, aka ce rahoto ya riga ya wuce. Har yau ina tambayar kaina ko matar ta karɓa. Ban sani ba, kunya kuma ta hana ni nemanta.

Abin da bawan Allah nan ya yi ba ya bukatar ƙari, ni ne ban gane ba. Masu baki irin nawa, mu yi raharmu a majalisa, amma ranar da aka nemi shaidarku kan wanda ba zai iya tashi ya gyara muku ba, ku faɗi iya abin da kuka gani.