Ranar da Aka Hana Ƙanena Shiga Jirgi

A lokacin ban daɗe da aure ba, ina soya kifi ina sayarwa a tashar jirgi ta ƙauyenmu da ke tsallaken ruwa daga Yelwa. Ni mace ce mai baki, kowa ya sani ba a taka ni a wuce lafiya. Maigidana yana da jirgi mai inji, yana kai mutane da buhunan shinkafa kasuwa, da shi muke ci muke sha.

Akwai wasu Fulani da ke sauka a gonar Baba duk bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Wata shekara matar ɗayansu ta rasu ta bar jariri, Inna ta karɓe shi ta shayar da shi tare da autarmu. Saboda haka ƙanena ne, ko malami ka tambaya haka zai ce maka. Da ya girma ya koma ruga, amma bai taɓa wucewa bai leƙo ni ba. Ina tsokanarsa da cewa sanda ta fi shi ƙiba, shi kuma ya ce ƙarnin kifina ne ke korar masa shanu.

Sai ɓarayin daji suka faɗa wa ƙauyen da ke kusa da mu, suka kashe mutane, har da dangin mutanen garinmu. Baƙin ciki ya rufe wa kowa ido. Maza suka taru suka yanke cewa ba mai sayen nono, ba mai sayar wa Bafulatani hatsi, kuma duk wanda ya ɗauke su a jirgi za a fasa jirginsa. Ba wanda ya so a tuna masa cewa ɓarayin nan sun kore shanun rugar su ƙanena tun kafin su taɓa mu.

Wata rana da hantsi ƙanena ya zo tasha da matarsa kwance a amalanke. Tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti a Yelwa. Ya bi masu jirgi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kau da kai yana taɓa inji kamar mai gyara. Daga ƙarshe ya zo gaban kaskona ya durƙusa, ya kira ni Yaya, ya ce in roƙa masa Malam, wato maigidana, don darajar Inna. Na je na sami maigidana. Ya ce wallahi yana jin tausayin matar, amma in duba samarin da ke zaune da gorori, in aka fasa jirgin me za mu ci. Na duba su. Yaran da na goya ne wasunsu. Bakin nan nawa da ake tsoro ya mutu murus, na koma na ba ta ruwa ina yi mata fifita, kamar shi ne maganin. Kafin azahar ta cika, da cikin a jikinta, jirage na ɗaure a gabanta.

Bai zagi kowa ba. Ya rufe ta da zanena, ya juya amalanken. Bayan sadakar uku suka tashi, har yau ban san inda suka nufa ba. Inna ta kwanta ciwo, in na shiga gaishe ta sai ta juya fuska bango.

Abin da ke ci mini rai shi ne, damina ba ta zagayo ba aka watsar da dokar. Yanzu ana sayen nono a tashar nan ana raha, in ka tambayi wanda ya kafa dokar kowa sai ya ce ba shi ba ne. Na gane cewa mugaye kaɗan ne a cikinmu ranar, sauran duk matsorata ne irina. Ina roƙon mai karatu, in ka ji an ce "su duka haka suke", ka buɗe baki tun a wurin taron, kafin maganar ta zama doka. Ni na bari sai da ta iso kan ƙanena, ranar kuwa ban iya cewa komai ba.