Golan Aro da Ya Shuka Dawa

Har gobe ban manta da ranar da Sabi'u Gola ya tsaya a bakin gonar Baba Hudu ya ce shi dawa zai shuka ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan za ku ce me ya haɗa ƙwallo da dawa. Ku dai gyara zama.

Lokacin jihar Jigawa ba ta daɗe da samuwa ba. Ni ne jami'in walwala na wani ƙaramin kulob da 'yan kasuwa da ma'aikata suka haɗu suka kafa a Dutse. Sunan muƙamin ya fi aikin kyau nesa ba kusa ba. Abincin 'yan wasa, masaukinsu, maganinsu, wankin jesi, har da rabon faɗa a kan sabulu, duk a wuyana suke. Iyalina suna Kano, don a shekarun nan samun gida a Dutse sai mai dogon hannu. Ɗaki ɗaya na samu a Yalwawa, a ƙofar gidan wani dattijo manomi, Baba Hudu. Sai na yi makonni ban leƙa gida ba. In an kawo min tuwo daga cikin gida, ni da rediyona muke ci, shi yana surutu ni ina haɗiya.

Ana dab da fara kakar wasa golanmu ya karye a hannu. Wanda ke bin sa, Nafi'u, mutumin Garki ne, yana da tsayi da ƙarfin hali, amma koci ya ce bai nuna ba tukuna. Sai kwamiti ya nemi aro daga wani kulob na Kano da muke rukuni ɗaya da shi, masu gola har sun yi musu yawa.

Bari in yi wa waɗanda ba su san harkar ba bayani. Aro shi ne kulob ya ba ka ɗan wasansa ya buga maka kaka ɗaya, amma sunansa yana nan a wurinsu, kaka na ƙarewa ya koma. Wani lokaci a kan ƙara da damar saye. Wato in kulob ɗin da ya ara ya ga yaron ya yi masa, yana da ikon riƙe shi gaba ɗaya kafin wa'adin da aka yanka. In yana so, sai ya yi magana. In ba ya so, ba sai ya ce komai ba, shirun ya wadatar. Shi ɗan wasan ba a tambayarsa, nasa jira ne. A yarjejeniyar Sabi'u akwai damar saye, wa'adinta ƙarshen kaka. Akwai kuma sharaɗin da aka saba sawa, cewa ba zai buga ba duk ranar da muka haɗu da kulob ɗinsa.

Ya sauka a tasha da jaka ɗaya da safar hannu a rataye a wuya. Ba yaro ba ne, ya doshi talatin, mutum mai sanyin magana. Gidan da 'yan wasa ke kwana ya cika, kuma a tsarinmu 'yan gida ake fara ba wa ɗaki. Na roƙi Baba Hudu ya buɗe masa ɗakin da ke jikin nawa, inda yake ajiye garma da buhunan taki. Daga ranar na daina cin tuwo da rediyo.

A bakin akushi na san shi. Mutumin wajen Funtuwa ne. Mu ne kulob na uku da aka kai shi aro. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna zaune a gidan yayansa, a ɗaki ɗaya, don bai taɓa daɗewa a gari ba balle ya ɗauko su. Ya ce ƙaramar 'yarsa in ya je gida ɓuya take yi a bayan uwarta. Da dariya ya faɗa, amma ni ban yi dariya ba, don nawa ƙaramin ma ya fara yi min kallon baƙo.

A raga kuwa ba a magana. Ba ya shawagi don 'yan kallo su tafa, tsayuwa yake yi inda ƙwallo za ta zo, kamar an yi masa waya. Ba a jima ba yaran gari suka fara kiran duk wanda ya kama ƙwallo a layi da sunansa. Ciyaman ɗinmu, wani Alhaji mai sayar da kayan gini, ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce, “Kai ai ka zama namu.” Ni na san Alhaji, haka yake faɗa wa duk wanda ya faranta masa, har mai yi masa gyaran mota. Sabi'u bai san shi ba.

Da ruwa ya sauka, Baba Hudu ya lura baƙonsa yana tashi da sassafe ya bi shi gona yana taya shi, ba wanda ya sa shi. Dattijon ya ji daɗi, ya yanka masa gayauna a gefen gonarsa ya ce ya shuka abin da yake so. Ina wurin. Baba Hudu ya tambaye ni yaushe wasanmu ke ƙarewa, na gaya masa ana ɗauke ruwa muke tashi. Ya jinjina kai, ya ce to gero ya kamata, don gero yana nuna da wuri, mutum ya girbe abinsa tun yana nan. Dawa kuwa sai kaka ta yi sosai.

Sabi'u ya ce dawa zai shuka.

Baba Hudu ya ce to ya haɗa, layin gero layin dawa, yadda kowa ke yi. Ya ce a'a, dawa zalla. Na ce masa, “Kai Sabi'u, ka ji gola da taurin kai. Aro fa aka kawo ka. Wa zai yanke maka ita?”

Ya ce, “Malam Isiya, na gaji da zaman mai shirin tafiya. Ko'ina na je ba na kwance jakata duka. Wannan karon ni zan yanki abata.”

Na tuna masa damar saye ba alkawari ba ce. Ya ce ya sani, amma ai na ji abin da Alhaji ya faɗa. Baba Hudu ya koma gida ya ɗebo masa irin dawa farfara a ƙwarya.

Haka damina ta yi ta tafiya. Da safe atisaye, da la'asar Sabi'u yana gona da fartanya. Ya yi noman farko, ya yi maimai. In mun dawo daga wasan waje, kafin ya cire takalmi sai ya je ya dubo ta. Har ya fara tambayar Baba Hudu ko akwai wanda zai ba da hayar ɗaki biyu da tsakar gida a unguwar, kuma wace makarantar allo ce ta fi kusa.

Sai ranar haɗuwarmu da kulob ɗinsa ta zo, a filinmu. Tun ana saura kwanaki ya ja Nafi'u gefe yana koya masa halin kowane ɗan gabansu, don shekaru ya yi yana tare musu ƙwallo a atisaye. Na ji da kunnena yana gaya masa cewa kyaftin ɗinsu in zai buga fenariti hannun daman gola yake kallo, amma hagun gola yake bugawa, ko kusa kada ya bi idonsa. Da muka keɓe na ce masa ya san dai abin da yake yi, yana wasa wa wani wuƙa. Ya ce, “To ni ɗan wane kulob ne ranar Asabar? In na ɓoye masa, na zama nasu ke nan.”

Ranar wasan sunansa ba ya cikin waɗanda aka miƙa wa alƙalin wasa, saboda haka ba shi da wuri a bencinmu. Da motar mutanen Kano ta iso ya je tarbarsu. Suka gaisa sama-sama, wani ya ce masa ashe yana nan, suka shige. Golansu sabo ne, sanye da lambar da Sabi'u ya saba sawa. Ya dawo ya rasa inda zai nufa. Daga ƙarshe ya samu wani dutse a bayan raga, can gefen masu sayar da rake, ya zauna. Ina benci ina hango shi, da rigar gida, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa ganin mutum shi kaɗai a cikin taro irin wannan ba, kuma abin ya tsaya min a rai.

Muna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, aka ba su fenariti. Kyaftin ya kalli hannun daman Nafi'u. Nafi'u ya faɗi hagu, ƙwallo ta zo hannunsa. Filin ya kaure. Aka ɗaga shi sama ana zagayawa da shi, Alhaji har hularsa ta faɗi. Da na waiwaya dutsen nan ba kowa. A gona na same shi, yana gyara wa dawa gindi. Ya ɗago ya ce, “Ya kama da kyau, ko?” Na ce ya kama.

Daga nan koci ya fara raba musu wasa, yau wannan gobe wancan. Ba zan ce an yi zalunci ba, Nafi'u ya nuna da gaske, kuma ɗan gida ne da ba sai an saye shi daga kowa ba. Abin da ya dame ni shi ne ba wanda ya ce komai. Na sami Alhaji a shagonsa na ce ranka ya daɗe, maganar Sabi'u, in za a riƙe shi a faɗa, in ba za a riƙe shi ba ma a faɗa, mutum ne mai iyali. Ya ce bari mu gani. Na tayar da maganar a taron kwamiti, aka ce a bar ta sai zama na gaba. Zama na gaba aka yi ta musu a kan tayar mota har aka tashi. Ba mugaye ba ne. Kunyar cewa a'a suke ji, yarjejeniyar kuma ta ba su hanyar da ba sai sun faɗa ba.

Wa'adi ya zo ya wuce, kamar kowace rana. Washegari sakatare ya ce in shirya wa Sabi'u mota. Ni aka bar wa faɗar abin da kowa ya guje wa.

Ban ma gama ba ya ce ya gane tun da ya ga Alhaji ya daina dafa shi. Ya ce in raka shi gona. Dawar ta fi shi tsayi, ta fid da kai, amma da ya murza ƙwayar da yatsa sai ruwa fari ya fito. Ya goge a wandonsa. Ya ce, “Saura kaɗan fa.” Ya roƙe ni in ta ƙosa in taya Baba Hudu yankewa, kada tsuntsaye su gama da ita. Da zai hau mota Baba Hudu ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Nafi'u ne kaɗai ya zo daga cikin 'yan wasa, ya ɗaukar masa jaka, ya kasa haɗa ido da shi.

Na koma cin tuwo da rediyo. Aka mayar da garma ɗakin.

Da kaka ta yi muka yanke dawar, aka sussuka, aka sheƙe. Baba Hudu ya ɗinke buhun da kansa, ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta kwana a rumbunsa ba, mai ita yana da rai. Na ɗora a mota na kai Kano. A masaukin kulob ɗin aka ce min ai Sabi'u bai yi sati biyu ba aka sake ba da shi aro, can kudu. Tun da na riga na fito, sai na wuce Funtuwa, na yi ta tambaya har aka nuna min gidan yayansa.

Yayan ya tarbe ni a soro. A kusurwa na ga kaya a ɗaure, akwati da tabarmi da kwanuka a cikin buhu, ƙura ta hau su. Ya ga ina kallo, ya ce na matar Sabi'u ne. Tun farkon damina Sabi'u ya aiko mata ta haɗa kaya, ya ce ya yi shuka a Dutse, da kaka zai zo ya ɗauke su. Ta ƙi kwancewa.

Aka shiga da buhun. Can sai na ji muryarta daga bayan ƙofa, ta gaishe ni da gajiya, ta yi godiya. Sannan ta ce, “Malam, wannan ce dawar gidan namu na Dutse?”

Na ce ita ce.

Na yi shekaru a aikin bayan wannan, na karɓi 'yan aro da yawa, na kuma raka namu da aka kai wasu wurare. Abin da na koya shi ne damar saye ta kulob ce ita kaɗai, mu muna da ikon yin shiru, amma akwai mai jiran shirun nan, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa na zama mai takura wa kwamiti har suka sa min suna Sarkin Naci. In za ku riƙe mutum ku faɗa masa da wuri, in ba za ku riƙe shi ba ku daure ku buɗe baki, kunyar minti ɗaya ce. Kada kuma wani babba ya dafa ɗan aro ya ce ya zama namu alhali bai sa hannu ba.

Duk ɗan aron da ya sauka a hannuna kuwa, tun ranar farko nakan tambaye shi wa ya bari a gida. Sannan in ce masa in wani ya ba shi gona a garin nan, ya shuka gero. Yawancinsu dariya suke yi, suna zaton tsufa ne ya fara taɓa ni.