Gaɓa Ɗaya Kawu Ya Yanke

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Zan shiga kwalekwale ne idona ya sauka kan guntun ƙaramin yatsan ƙafata, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar da yatsan ya shaƙe kamar an ɗaure shi da zare, wurinsa na je, don shi ne wanzamin unguwarmu a Haɗeja. Saura kwana kaɗan a fara su, kamun kifin gayya, a Guri, duk na ƙagu.

Na ce, "Kawu, cire shi gaba ɗaya in huta."

Ya ci gaba da wasa askarsa, ya ce, "Kai ka halicce shi? Abin da ya mutu kawai zan ɗauka."

Gaɓa ɗaya ya yanke, ya ɗiga man shanu mai zafi. Har yau ina jin ƙaurin. Ya hana ni taɓa ruwa, su ya wuce ni. Don haushi na daina zuwa gaishe shi, da damina ya rasu.

Guntun nan ne ke riƙe ni idan kwalekwale ya karkata. Ya Allah, yadda ya tausaya wa ɗan yatsa, Ka tausaya masa. Ni ban samu na ce ya yafe mini ba.