Moton da Ya Ƙi Juyawa Hagu

Har yau gabana na faɗuwa in na tuna safiyar da moton Mushe, wato babur ɗinsa, ya ƙi juyawa hagu. A shekarun yaƙin Turawa na biyu ne, ina gyaran motoci a wani garajin gwamnati a Madawa. Mushe, Baturen da ke duba gonaki, ya faɗi da moton, ya dawo daga Bangi gwiwarsa na jini. Kwana biyu kafin nan, ni na ɗaure wuyan moton, wato inda kan yake juyawa.

Tafinta ya ce, "Isuhu, Mushe ya ce in azahar ta yi ba ka gano matsalar ba, da gangan ka yi. Ka dai san hanyar gidan kaso."

Na durƙusa gaban moton. Ƙa'idarmu, daga ƙasa ake fara bincike. Na duba iskar ƙafafun, daidai take. Na ɗaga ƙafar gaba na girgiza, ba ta rawa. Na ja zare daga ƙafar baya zuwa ta gaba, a jere suke. Sau uku na sake ja, don ban yarda da idona ba. Kan na tafiya dama sumul, hagu kuwa sai ya cije a rabi. Da ni na matse wuyan fiye da ƙima, ta ko'ina zai cije. Ke nan matsalar ba daga ɗaurina take ba.

Na cusa yatsa ƙarƙashin tankin mai, sai na taɓo fata. Laya ce aka ɗaura, ta zame ta tokare wuyan.

Baba Arzika, tsohon mai gadinmu, ya matso yana raɗa. "Ɗana, ni na ɗaura ta don ta tsare shi. Kwazazzabon hanyar Bangi da masu wuri, aljanu. In ya mutu can, wa za a kama in ba mu ba?"

"Haba Baba! Ai ka kusa kashe shi, ni kuma ka kai ni kaso!"

"Ruha min asiri, don Allah."

Ba na iya ƙarya, tsoho kuma ba zai jure bulala ba. Da Mushe ya tambaya, na ce guntun fata ne ya shiga wuyan, na cire. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya hau, ya zagaya fili ta hagu sau biyu, ya fice.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku kwance komai, ku tambayi wanda ya taɓa ƙarfen. Kada ku tsaya kan mugu kawai. Mai yi don alheri shi ya fi ɓoye aikinsa.